Tazarar Ƙuri'a Ɗaya

Juma'a, 2 ga Fabrairu, bayan magariba

Mun ci. Atiku 106, Sharif 105. Ga sanyin Alƙahira, amma murna ta hana ni jin sa.

Wata biyu ina hawa benayen Ainu Shams ina sauka, babu ɗakin ɗalibin da ban sha shayinsa ba, ashe duk wahalar a kan mutum guda za ta tsaya. Yau dai Hausawan unguwar nan sun yi sabon Magajin Gari. A takarda sunan muƙamin shugaban Ƙungiyar Hausawa Mazauna Ainu Shams, amma ban taɓa jin wanda ya ɓata yawunsa ya faɗi wannan dogon sunan ba. Ammu Jamal mai gadin gidanmu ya ga muna tsalle a ƙofa, ya ce, "Mu masu garin naɗa mana mai gari ake yi, ku baƙi har da zaɓe? Mabruk, ya Sada, barka."

Abu biyu ne ya raba mutane bana, haya da iƙama. Sharif ya riƙe maganar haya, yadda dillalai ke ganin baƙo su tsawwala masa, kuma masu iyali kusan dukkansu suka bi shi, musamman mata. Mu muka riƙe iƙama, takardar izinin zama. Atiku ya yi alkawarin ba ɗan ƙungiyar da zai sake kwana a hannun 'yan sanda saboda takarda. Ni na rubuta masa wannan jimlar, kuma ina alfahari da ita. Gwauraye da sababbin zuwa, waɗanda gabansu ke faɗuwa in sun hango motar sintiri, su suka ba mu nasara.

Abu ɗaya ya rage mini daɗi. Mutanen Sharif sun shigar da ƙorafi, wai ƙuri'u sun fi mutane yawa, don haka ba a buɗe akwatin fasfo ba. Tun shekarar da wasu suka yi zaɓe sau biyu har aka fasa wa wani kai da kujera, dattawan ƙungiya suka kawo wannan tsarin: ka miƙa fasfonka, a ba ka takardar ƙuri'a. A zuba fasfunan a akwatin ƙarfe, a sa kwaɗo biyu. Wakilin kowane ɗan takara ya riƙe mukulli ɗaya, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai buɗe ba sai a gaban dattawa. In babu ƙorafi, kafin isha kowa ya karɓi abinsa. In akwai, sai dattawan uku sun zauna sun gwada yawan fasfo da yawan ƙuri'a. In aka buɗe kafin nan, ko fasfo ɗaya aka zare, zaɓe ya rushe. Ni ne wakilin Atiku. Na Sharif shi ne Ɗanmalam, Bazazzagin nan da ya girme mu duka, mai tafiya kamar yana tsoron taka tururuwa.

Babban dattawan ya tafi umra, ba wanda ya zaci za a neme shi. Laraba zai dawo, zama Alhamis. An ce kowa ya riƙe katin makarantarsa a aljihu ya rage yawo. Kwana shida ne kawai.

Abokina Harun bai tsaya murna ba. Ya jefa tasa ya tafi.

Asabar, 3 ga wata, hantsi

Atiku ya kira ni. Ya ce in fara sabawa da biro, sakatare ba ya rasa aiki. Na ce masa ni ba don muƙami na yi ba. Na ajiye wayar na yi ta murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Asabar, bayan la'asar

Khairat, matar Harun, ta kira sau biyu. Ya fita tun ƙarfe tara zuwa unguwar Ataba karɓo kwafen risalarsa, kundin digirinsa, daga wurin masu ɗinka littafi, bai dawo ba, wayarsa a kashe. Na ce mata metiro ne, ƙarƙashin ƙasa waya ba ta shiga. Ta ce, "Malam Sada, awa bakwai a metiro?"

Harun ne ya tarbe ni a filin jirgi shekara shida da suka wuce, lokacin ko ruwa ban iya saye da Larabcin nan nasu ba. Wata bakwai na yi a ɗakinsa ina cin tuwonsa na semo mai gudaji. Shekararsa tara a garin nan. Ranar ashirin ga wannan watan zai zauna gaban malamai ya kare risalarsa, shi ke nan ya gama, ya kwashi iyali ya koma Funtuwa da digirinsa.

Katinsa na makaranta ya ƙare tun Disamba, ba a sabunta wa wanda ya gama shiga aji. Na san da haka.

Lahadi, 4 ga wata, bayan azahar

Mun same shi. Yana tsare a wani ofishin 'yan sanda can wajen Ataba. Binciken takardu aka yi a bakin titi, kowa ya nuna tasa ya wuce, shi ya nuna hoton fasfo a waya. Ba su yi masa komai ba, sun dai ce hoto ba takarda ba ne. Ba mu gan shi ba. Sun miƙo mana wata babbar leda, kwafe bakwai, bango kore, sunansa da ruwan zinare. Khairat ta rungume ledar.

Na nemo Ustaza Eman, lauyar nan Bamisiriya da ke taimakon ɗalibai. Ta shiga ta fito cikin minti goma.

"Abin da sauƙi, ya Ustaz. In iƙamarsa da rai, ku kawo mini fasfon kansa, yau ɗin nan in fito da shi ya ci abincin rana a gida. Amma ku yi sauri. Takardunsa ba za su wuce kwana uku ko huɗu a nan ba. In suka hau sama, ni ma sai dai in bi layi. Ina fasfon?"

Na ce yana wurin ajiya.

"To, a ɗauko shi."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin akwati da kwaɗo da rantsuwa. Ina cikin magana na ji yadda abin ke fita a bakina da Larabci, sai na katse bayanin. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta ce, "Yalla, ku je, ku dai kun san al'adarku. Ni na gaya muku kwanakin."

A metiro muna dawowa Khairat ta shiga taragon mata. Na ji daɗin hakan.

Litinin, 5 ga wata, bayan asuba

Ɗanmalam ya zo. Ya ajiye mukullinsa a kan littafina. Mun yi magana. Ya ɗauki abinsa ya tafi. Shayin da na zuba masa yana nan, har ya yi fata.

Litinin, la'asar

Eman ta ce uku ko huɗu. In daga Lahadi ake ƙirgawa, huɗu Alhamis ke nan. Kuma lauyoyi kullum sai sun rage kwana don mutum ya yi sauri. Alhamis ba nisa.

Na sa mukullin a zare na rataya a wuya don kada ya ɓata. Ƙarfen sanyi gare shi.

Talata, 6 ga wata, bayan magariba

Taro a gidan Atiku, daga azahar har yanzu. Mutum goma sha huɗu, duk ɗaliban shari'a da usulu, kowa da littafinsa a hammata. In ka tara irinmu a ɗaki ka jefa mana mas'ala, ka ba mu abinci, ka gama da mu. Wannan ya ce rantsuwa ce ƙullalliya, ba ta warwaruwa da son rai. Wancan ya ce larura ce. Wani ya ce larurar mutum ɗaya ba ta kawar da amanar mutum ɗari biyu da goma. Wani ya tambaya ko niyyar mai rantsuwa ake bi ko ta wanda ya rantsar da shi, aka kwashe awa guda a kan wannan kaɗai, har da ɗaga murya. An cinye tukunya biyu ta shinkafa da wake. A cikinmu babu wanda ya leƙa gidan Khairat yau.

Duk ɗan aji ɗaya ya san hukuncin. Wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga wanda ya fi shi alheri, ya yi wanda ya fi, ya yi kaffara. Na ci jarrabawa a kan wannan babin da daraja mai kyau. Na zauna ina jiran wani ya faɗa. Da wani ƙaramin ɗalibi ya fara kawo shi, aka ce ba a kan irin wannan ba ne, ya koma ya jingina da bango.

Da za a watse Atiku ya ja ni baranda.

"Sada, ka saurare ni. In zaɓen nan ya rushe ba za mu sake ci ba. Cewa za a yi mun ji tsoron ƙidaya muka fasa akwati. To wa zai yi wa sauran aiki? Harun nawa ne a unguwar nan da takardunsu ke reto? Namu ne, wallahi namu ne, ni ma raina a ɓace yake. Ranar Alhamis da hannuna zan kai fasfon. Kwana biyu ne, ma'alish, ka yi haƙuri."

Ban ga ƙarya a fuskarsa ba. Abin da ya fi damuna ke nan, duk abin da ya faɗa yana da kamar gaskiya.

Na rantse. Ba wasa ba ne dafa Alƙur'ani. Na rantse a gaban mutane.

Laraba, 7 ga wata, azahar

Dattijo bai dawo ba. An ɗaga jirginsu zuwa Juma'a. Zama ya koma Asabar.

Laraba, la'asar

Khairat ta kira. Ban ɗauka ba, ina alwala. Ta sake kira bayan na idar da salla.

Alhamis, 8 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Saƙon Eman: takardu sun hau.

Na kira ta, na ce yanzu-yanzu zan je in fasa akwatin ko da guduma ne. Ta ce, "Khalas, ya Ustaz, shi ke nan, ba sauri kuma. Kafin ka iso an tashi daga aiki, gobe da jibi hutu. Ko yanzu ka kawo, ko Asabar, duk ɗaya ne, sai Lahadi."

Zan rubuta wannan don babu mai karantawa. Da ta ce duk ɗaya ne, wani sanyi na ji a ƙirjina. Sauƙi na ji. Wato zaɓe ya tsira, kuma ba ni na zaɓa ba. Na yi kusan minti guda ina jin daɗin wannan kafin in gane abin da nake jin daɗinsa.

Juma'a, 9 ga wata, bayan la'asar

Mun kai bargo da abinci, ni da Khairat da 'yarsu Nana Fatima, mai shekara huɗu. An mayar da shi wani wuri mai nisa, mota biyu muka hau bayan metiro. Sun karɓi bargon, sun mayar da kwanon miya, wai sai a leda. Yarinyar ta yi ta tambaya ko nan ne makarantar Abba.

An fito mana da 'yar takarda, rubutunsa ne, ƙanana kamar kullum. Ya ce Khairat ta kai wa shehinsa mai duba risalar kwafe biyar kafin Litinin. Ya ce sanyi ne kawai matsalar, ban da shi lafiya lau. A ƙasa ya rubuta: "Ki ce wa Sada kada ya sa damuwa a ransa. Rantsuwa ya yi, kuma mukulli biyu ne, ba shi kaɗai ba ne. Na sani."

Ita ta karanta mini a bakin titi, murya ba hawa ba sauka. Ta ninke takardar ta sa a jaka.

Mukulli biyu ne.

Asabar, 10 ga wata, bayan azahar

An buɗe akwati. Dattawa uku a kan kujera, mu a tsaye, ɗakin taron cike har matakala. Ni na fara buɗe nawa kwaɗon, Ɗanmalam ya buɗe nasa bai kalle ni ba. Aka yi ta ƙirga fasfo ɗaya-ɗaya da ƙarfi, jama'a na amsawa. Ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ƙuri'a ɗari biyu da goma sha ɗaya. Babu maguɗi, ba a taɓa yi ba. Aka yi kabbara, Sharif ya taso ya rungumi Atiku, aka ce wannan shi ne zaɓe mafi tsabta da ƙungiya ta taɓa yi. Babban dattijo ya yaba wa wakilai biyu da suka riƙe amana a cikin jarrabawa. Har da sunana ya ambata.

Atiku ya zaro fasfon Harun ya ɗaga sama, ya ce aikinsa na farko ke nan. Ya miƙo mini, aka ɗauke mu hoto.

Na buɗe a matakala. Iƙamarsa da ranta har watan Satumba.

Lahadi, 11 ga wata, magariba

Ofishin fasfo a Wustul Balad, tsakiyar birni, tun ƙarfe bakwai, ni da Eman da Atiku. Gaskiya Atiku ya zo, kuma ya tsaya har ƙarshe. Taga ta farko ta tura mu ta huɗu, ta huɗu ta tura mu bene na uku. Kowa ya karɓi fasfon ya juya shi, ya duba hatimin, ya ce tamam, lafiyarsa ƙalau, ya miƙo mini abina. Wani mai furfura ya ce, "Da makon jiya kuka kawo ai da ba ku zo nan ba ma. Yanzu fayil ya riga ya buɗe, sai ya rufe da kansa."

Na tambaye shi yaushe. Ya ce bukra, in sha Allah. Gobe ke nan.

Talata, 13 ga wata, la'asar

Bukra.

Laraba, 14 ga wata, la'asar

Bukra. Fasfon a aljihun ƙirjina yake kwana, kusa da inda mukullin yake rataye da.

Alhamis, 15 ga wata, bayan magariba

Zaman farko na sabon shugabanci. An tabbatar da ni sakatare, aka tafa. Na rubuta abin da aka tattauna da hannuna mai kyau. Na ɗaya, kafa kwamitin iƙama. Na biyu, a gayyato mutanen Sharif a yi maganar haya tare. Na uku, walima. Maganar Harun ta zo ta shida, an ce ana bibiya. Mutanen ofishin jakadanci sun rubuta takarda, shehinsa ma ya rubuta, kowa ya yi iya nasa.

Wani ya kawo shawarar a daina karɓar fasfo a zaɓe. Aka ce a'a, ai bana ne ma tsarin ya nuna amfaninsa, ba don shi ba da yanzu ana rigima. Na rubuta: an yi watsi da shawarar.

Asabar, 17 ga wata, bayan asuba

Na gaji da zagaye-zagaye a littafin da ni kaɗai nake karantawa.

Ranar zaɓe da safe Harun ba shi da niyyar zuwa. Ni na je gidansa. Na same shi a ƙasa a zaune cikin takardu yana shirin ranar kare risala. Ya ce, "Sada, ka bar ni. Ni saura mini kwana goma sha takwas in gama, ko wa ya ci ba zai mulke ni ba. Kuma fasfon nan shi kaɗai ne takardata yanzu, katina ya mutu, gobe ina da Ataba." Na ce awa shida ne, kafin isha yana hannunka. Ya ce a'a. Na zauna. Na ce yanzu duk zamanmu, rana ɗaya da na zo neman abu a wurinka? Na ce masa lissafina ya nuna kunnen doki za a yi, mutum ɗaya muke nema. Na san ba ya iya ce mini a'a sau uku. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai Bakatsine ba ya jin bari." Ya tashi ya buɗe durowa. Khairat tana kicin, ƙofa a buɗe.

Ranar Litinin kuma ga abin da Ɗanmalam ya ce, bayan ya ajiye mukullinsa a kan littafina. Ya ce, "Sada, ga nawa. Ɗauko naka mu je yanzu, kafin a buɗe ofis fasfon yana hannun lauya. Na yi magana da Sharif, ya ce ko zaɓen ya rushe ko bai rushe ba, a fito da bawan Allah. Kaffara ce, ni zan yi tawa, kai ka yi taka. In ciyarwar ta yi maka nauyi na ɗauke maka."

Na ce masa dama abin da kuke so ke nan. Na ce kun faɗi zaɓe kuna neman hanyar rusa shi, kun samu Harun kun mayar da shi tsani. Na faɗa da ƙarfi har maƙwabcina ya buga bango.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce, "Allah Ya sani ban zo da wannan ba. Amma ko da shi na zo, Sada, ai ɗan'uwanka zai fito." Ya jira. Ya daɗe yana jira, yana kallon shayin. Na ce Alhamis ba nisa.

Ba rantsuwa ce ta hana ni ba. Ina tsoron Allah, amma ba tsoronsa ne ya riƙe hannuna ranar nan ba. Wata biyu na hawan bene ne, da jimlar da na rubuta wa Atiku, da biron sakatare. Rantsuwar inuwa ce na samu na fake.

Ɗanmalam bai gaya wa kowa ba. In mun haɗu a masallaci yana ba ni hannu.

Lahadi, 18 ga wata, azahar

Bukra. Mai furfurar nan ya fara gane ni, yau har ya ce in sha shayi.

Talata, 20 ga wata, ƙarfe goma da rabi

Na je ɗakin da aka shirya zai kare risalar. Ban san abin da ya kai ni ba. An cire sunansa daga allo, wani ɗan Indunusiya aka sa a gurbin. Danginsa sun zo da furanni da alawa. Na tsaya a bayan ɗaki har ya fara gabatarwa, sannan na fita.

Shehin Harun ya ce za a iya sa wata rana, in dai yana ƙasar.

Laraba, 21 ga wata, la'asar

Eman ta kira da kanta, ba saƙo ba. Fayil ya rufe. Za a mayar da shi gida, kuma ba zai sake shigowa ba sai bayan shekaru, ba ta faɗi nawa ba. Na ce amma iƙamarsa da rai, kowa ya gani. Ta ce, "Na sani, ya Ustaz. Ma'alish." Sannan ta ce gobe in zo da fasfon da wuri, yanzu suna buƙatarsa.

Alhamis, 22 ga wata, hantsi

Sun karɓi fasfon. Kwana goma sha biyu ina yawo da shi taga-taga ba mai so, yau ko layi ban bi ba. Ba a sa mutum a jirgi sai da shi.

Juma'a, 23 ga wata, bayan sallar Juma'a

Jirginsa ya tashi da safe. Ba a bari an gan shi ba. Liman ya yi huɗuba a kan cika alkawari. Na san ba da ni yake ba, Bamisire ne, bai san da zamana ba.

Lahadi, 25 ga wata, bayan la'asar

Na je taya Khairat ɗaure kaya, jibi za su bi shi. Littattafansa kwali goma sha ɗaya, ba za su tafi duka ba, ta ce a raba wa ɗalibai. Gidan ya yi faɗi. Nana Fatima tana ta tsalle a kan katifar da aka jingine, murna take za ta hau jirgi.

Na ɗaure kwali shida. Sai ta fito daga ɗaki da kwafi ɗaya na risalar ta ajiye a kan kwalin da ke gabana.

"Ya kira jiya daga Kano. Ya ce in ba ka wannan. Ya ce ka duba shafi na uku."

Shafin godiya ne. Bayan iyayensa da shehinsa da ita, ga ni: ɗan'uwana Sada, wanda baƙunta ta ba ni shi. Tun watan jiya aka buga. Na rufe littafin na ce Allah Ya saka.

Ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya, inda ta tsaya ranar zaɓe.

"Matar Ɗanmalam ta zo yi mini sallama jiya," ta ce. "Ta yi maganar mukullin da mijinta ya kawo maka. Ta zaci na sani."

Na ji zaren da na cire tun ranar Asabar ɗin nan kamar yana wuyana.

"Ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ya rasa shekara tara, ba zan ƙara masa da kai ba. Tambaya ɗaya gare ni, Malam Sada, tunda ku ne masu karatun. Ni ban yi nisa ba. Kaffarar rantsuwa mece ce?"

Na ce ciyar da miskini goma, ko tufatar da su.

"In mutum ba shi da hali fa?"

Na ce azumi uku.

"Uku," ta ce. Ta gyaɗa kai a hankali. "Wallahi na zaci ta fi haka."

Ta kira yarinyar ta ce ta sauko ta gaida Kawu zai tafi. Yarinyar ta zo ta ba ni hannu. Ban gama ɗaure kwalayen ba.

Litinin, 26 ga wata, bayan asuba

Atiku ya turo saƙo, zama ƙarfe huɗu, in zo da rahoton makon jiya.

Na tashi da niyyar azumi, har na sha ruwa kafin kiran salla. Sai na tsaya ina tambayar kaina azumin me. Na cika rantsuwata. Dattawa sun shaida, an ambaci sunana a taro. Na sauko da littattafaina uku na buɗe babin rantsuwa, na bi shi layi-layi har rana ta fito. Duk sun yi bayanin abin da wanda ya karya zai yi ya wanke kansa. Babu wanda ya ce komai a kan wanda ya cika.